Tandun Kwallin Kakata da Kwalbar Autata

 

Ni makitsiya ce. Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Tagriss, wajen kwarin Tarka, a yankin Dakoro. Wurin kakata na gaji kitso. Yau shekara ta fi 40 ina ɗora kan mata bisa cinyata. Kun kuwa san halin: in kan mace yana hannun makitsiya, bakinta ba ya rufuwa. Na ji labari da yawa, na kuma ga abu da yawa. Amma wanda zan ba ku yau, a cikin gidana ya faru.

An yi mini aure shekara ɗaya bayan yunwar 1984, wadda muke ce wa El Buhari. Ba a yi mini kaya da yawa ba, don kowa na fama da bakinsa. Kakata ta kira ni ɗaki ta ba ni abu huɗu: tandun kwalli, ƙullin lalle, ɗan ƙoƙon man shanu, da dutsen goge kaushi. Madubina bai kai tafin hannu ba. Da waɗannan na shiga ɗakin miji, kuma ban ji wanda ya ce amarya ba ta yi kyau ba.

A ƙasarmu babban abokin gabar fata shi ne hunturu. Iska ta busa, ƙura ta tashi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Ga rijiyoyinmu da zurfi, ruwa sai an auna. To abin da kakata ta koya mini har yau bai tsufa ba. In kin yi wanka, ko da rabin bokiti ne, kada ki bari jiki ya bushe ƙarau. Tun da sauran laima ki shafa mai. Man ba shi ne ke jiƙa fata ba, tsare ruwan yake yi kada ya tsere. Man kaɗe ya fi, amma kaɗanya ba ta fitowa a nan, daga kudu ake kawo mana shi, wajen Gaya da Nijeriya. In babu shi, man shanun da muke saye wurin Fulani da Buzaye yana yi, man gyaɗa ma yana yi. Sabulun wankin tufafi kuwa kada ya taɓa fuska. Shi an yi shi don ya cire maiƙo, to har na fatarki zai cire.

Kaushi kuma ba a yanke shi da reza. Da dare ki jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi, ki goge da dutse sannu sannu, ki shafe da mai, ki sa safa ko ki naɗe da tsumma mai tsabta. Kwana bakwai za ki ga bambanci. Mai ciwon sukari ta fi kowa bukatar kiyaye wannan, don ɗan yanka a ƙafarta yana iya zama gyambo.

Yanzu ga labarin.

Autata ta samu miji. Kafin biki muka tura ta Maraɗi wurin gwaggonta, ta koyi ɗinki wata uku. Ranar da ta dawo, da ta sauko daga mota, sai da na sake dubawa. Yarinyar da na haifa baƙa mai sheƙi, ga ta ta yi jajir. Mata suka taru suna cewa birni ya karɓe ta. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na ji daɗi. Na ce a raina hutu ne da ruwan famfo.

Da dare muna cin tuwo, na ga hannunta cikin kwano. Bayan hannu fari, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Na duba ƙafa, ita ma baƙa. Na ce, "Auta, me kike shafawa?"

Ta ce, "Mai ne kawai, Inna."

Na ce ta kawo in gani. Ta ɗauko wata kwalba babu rubutu ko ɗaya a jikinta, da wani ɗan bututu irin na man goge haƙori, da sabulu cikin kwali. Ta ce na kwalbar haɗi ne, wata mata ke haɗawa tana sayarwa. Na shinshina, ƙamshi ne mai daɗi. Na ce ta bari. Sai ta ce mini abin da har yau yake cina: "Inna, kowa na yi. Baƙa ba a ganinta wurin biki."

Na yi shiru. Ni ma baƙa ce, ita ta sani. Na bar ta, na ce bayan biki ta daina. Laifina ke nan na farko.

Wata biyu bayan haka abu ya fara fitowa. In ta je rijiya da rana, fuskarta ta yi ja tana zafi kamar an watsa mata barkono. Ƙuraje suka feso a goshi da haɓa. Makero ya kama wuyanta. A damtse da cinya nankarwa ta fito, manya manya, irin ta mai ciki, alhali ita budurwa ce. Jijiyoyi kuma suka bayyana ta cikin fata, kore kore. Duk lokacin da ta ga haka sai ta ƙara shafa man, don in ta shafa ƙurajen suna kwantawa kwana biyu. Ashe tarkon ke nan.

Da kaka muna yankan harawa, lauje ya ɗan yanke ta a hannu. Yankan da ni in na samu, kwana huɗu ya rufe. Nata ya yi sati uku yana ruwa. Sai na ɗauke ta muka tafi likita.

Ungozomar da muka tarar ba ta daɗe tana duba ciwon ba. Ta kama hannun, ta juya shi, ta dubi fuskar, ta ce, "Inna, wane mai ɗiyarki take shafawa?" Auta ta sunkuyar da kai. Ni na kunce bakin zane na fito da kayan, don na zo da su.

Ta zaunar da mu ta yi mana bayani, ba ta yi faɗa ba. Ta ce baƙin fata wani launi ne da jiki ke yi da kansa, shi ne rumfar da ke tare zafin rana. Man bilicin yana hana jiki yin wannan launi. Wadda ta kore shi, ta rushe rumfarta, ga ta kuma tana zaune ƙasar da rana ba ta wasa. Sannan ta ɗauki takarda ta rubuta mini kalma uku da manyan baƙaƙe, irin yadda ake rubuta su jikin kwali. Takardar tana nan cikin littafina na karatu. Ga su:

HYDROQUINONE. Wannan yana hasken fata da farko. In an daɗe ana shafa shi, sai kumatu su yi baƙi mai duhu, daidai inda rana ke bugawa. Kun sha ganin mata masu fuska ja da kumatu kamar an ƙona. Wannan tabo da wuya ya fita.

CLOBETASOL. Shi magani ne na gaske mai ƙarfi, likita ke ba mai wata cutar fata ya shafa kwanaki kaɗan. Yana da ɗan'uwa, sunansa betamethasone. In mace ta mai da shi man shafawa kullum, fata ta yi siriri kamar takarda, nankarwa ta tsaga ta, ciwo ya ƙi warkewa, makero ya samu wurin zama. Yana kuma ratsa fata ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon sukari.

MERCURE. Ita ce zaiba. An fi sa ta cikin sabulu da man haɗi. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi. Mai ciki tana ba ɗan cikinta, mai goyo tana ba jaririnta. Har wanda bai shafa ba yana iya samu, in suna tsane jiki da zane ɗaya.

Ni ban iya Faransanci ba. Amma na iya baƙaƙe. Na ɗora bututun Auta kusa da takardar, na bi da yatsa: C, L, O, B. Har ƙarshe, ɗaya bai saɓa ba. Gabana ya faɗi. Na tambaya, to kwalbar fa, da babu rubutu? Ungozoma ta ce ita ta fi tsoro, don mai haɗawar ma ba ta san yawan abin da ta zuba ba. Kuma akwai kwalin da ba ya faɗin gaskiyar abin da ke ciki. Saboda haka duk man da aka ce yana sa fari cikin sati ɗaya ko biyu, a bar shi, ko an ga kalmomin ko ba a gani ba.

Ta ce kuma wadda ta daɗe tana shafa irin na bututun a jiki duka, kada ta yar da shi rana ɗaya ba tare da shawara ba. Ta zo likita a nuna mata yadda za ta rage, don jiki ya riga ya saba da shi.

Daga baya na ji cewa ba mu kaɗai abin ya dama ba. Ƙasar Kodibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015. Gana ta hana masu hydroquinone a 2016. A 2023 hukumar NAFDAC ta Nijeriya, mai kula da abinci da magani, ta ce bilicin ya zama babbar matsalar lafiya a ƙasar. Zaiba kuwa tana da yarjejeniyarta ta duniya, wadda aka sa wa hannu a 2013. Ana ce mata yarjejeniyar Minamata, sunan wani gari ne a Japan inda zaibar wata masana'anta ta shiga teku, mutane suka ci kifi suka nakasa. A 2023 ƙasashen suka ƙara cewa bayan 2025 kada a sake yin man shafawa ko sabulu mai zaiba, kada a shigo da shi. Doka ke nan a takarda. Amma ku je kasuwa ku duba faifan ƴan koli. Mai tsaron fatarki a nan, ke ce.

Auta ta daina, amma ba da sauƙi ba. Wata na farko fuskarta ta yi duhu fiye da yadda na haife ta, ga dabbare-dabbare. Ta ƙi fita ko ƙofar gida. Ta yi kuka, ta ce ni na ja mata. Daga gidan surukai magana ta zo cewa amarya ta dushe, ko ba ta da lafiya ne? Malam ya je ya roƙa aka ɗaga biki daga bayan girbi zuwa bayan ƙaramar salla. Ni kuwa kullum man kaɗe, da lulluɓi in za ta shiga rana, da maganin makero da aka ba mu. Sannu sannu launinta ya daidaita. Nankarwar dai tana nan, ba ta tafi ba, kuma an ce mana ba za ta tafi duka ba.

A nan ina da magana da maza, don na san kuna karanta wannan shafi ko da kun ce na mata ne. Yarinya ba ta ƙona fuskarta don kanta. Ta ji abin da kuke yabo ne a dandali. Ga Bororo nan maƙwabtanmu wajen Bermo, su samarinsu ne ke wuni gaban madubi lokacin gerewol, mata na zaɓe. Da haka ake yi a garinmu, da mun ga wanda zai jure.

Da biki ya zo, ƙawayen amarya suka kawo mai zanen dayis, baƙin lallen nan da ke kamawa nan da nan. Na ce a'a, har suka ce tsohuwa ta cika tsanani. Amma ni na taɓa ganin amarya da hannu ya kumbura ya yi bororo, zanen fure duka ya zama ƙuna. Lalle na gaske ganye ne. Ja yake yi ko ja mai duhu, kuma sai an kwana da shi ko an yi rabin wuni. Wanda ya yi baƙi cikin ɗan lokaci, an sa masa maganin rina gashi ne, ana rubuta shi PPD. Ba kowa yake ƙonawa ba, shi ya sa ake gardama. Sai dai wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada. Garinsa kuma guba ne mai kisa in yaro ya sha, kada a ajiye shi inda hannun yara ke kai. Na daka lallena na tankaɗe, na kwaɓa da ruwan lemun tsami, na ƙunsa mata hannu da ƙafa ta kwana. Da safe ya kama kamar jan goro. Jariri dai ko lalle na gaske ba a sa masa. Akwai yaran da ake haifa da wani irin jini wanda lalle ke fasawa, kuma ba a gane su da ido.

Kitson amarya ni na yi da hannuna. Bari in faɗa muku sirrin sana'ata, ko da abokan aikina za su ji haushi. Kitson da ya hana ki barci, ya ɗaga miki gira, ya fito da ƙananan ƙuraje a bakin gashi, ba kitso mai kyau ba ne. Tuge gashi yake yi daga saiwa. Shi ya sa kuke ganin mata da goshi ya ja baya har tsakiyar kai. In an lura da wuri gashin yana dawowa. In an shekara da shekaru ana ja, wurin ya mutu, babu man da zai tsiro da shi. Ki ce wa makitsiya ta sassauta, kanki ne. Ki riƙa sauya kitso, yau shuku, wani karo zane, kada ja ya tsaya wuri ɗaya. Ƙarin gashi mai nauyi ma haka yake yi. In kin tsefe, ki bar kai ya huta kwana biyu. Kada ki wanke shi da omo. Garin ganyen magarya cikin ruwa yana kumfa, yana wanke kai tas, ga magarya ko'ina a dajinmu. Ki zo wurin kitso da matsefinki da tsinkenki, don ƙwarƙwata da makero ta nan suke yawo. Man miƙar da gashi kuma, akwai wanda da soda mai ƙuna aka yi shi, irin ta dafa sabulu. Kada a sa wa ƙananan yara.

Wani abu kuma na gani a yunwar 2005. Yaran da tamowa ta kama, gashinsu ya yi ja, ya yi laushi, yana zuba. Babu man da ya gyara shi sai da suka ƙoshi. Tun daga nan na san gashi da fata daga ciki suke ci. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai, zogale, tafasa: mai ciki da mai goyo su samu rabonsu, kada a ce sai maigida ya rage.

Saura laifina na biyu, wanda ya fi na farko daɗewa.

Bara Auta ta haihu, namiji. Ta zo wankan gida wurina. Ran nan na yi wa jinjiri wanka, na ɗauko tandun kakata zan zizara masa kwalli, yadda na yi wa ƴaƴana duka. Sai Auta ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Inna, ungozoma ta ce kada a sa masa."

Raina ya ɓaci. Yau ɗiyar da na haifa ke koya mini reno? Na ce kwalli ai gyaran ido ne, malamai ma suna yabon ismid. Ta ce ba ta ja da malamai ba, amma in je in tambaya me ke cikin dutsen da muke saye a kasuwa.

Na je na tambaya. Ga abin da na samo. Dutsen kwallin nan mai walƙiya, wanda muke niƙawa, mafi yawansa dutsen dalma ne. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma cikin jinin wani jariri ɗan wata 6, iyayensa ƴan Nijeriya. Da aka bincika, daga kwallin da ake sa masa ne. Aka auna kwallin, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido, ya kai hannu baki, ya haɗiye. Kaɗan kaɗan take taruwa. Ba ta sa zazzaɓi balle a gane. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya tashi karatu na yi masa wuya, jininsa ya yi ƙaranci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da ba ya cutar da yaro.

Mu nan mun san dalma ba abin wasa ba ce. A 2010, a Zamfara, cikin ƙasar Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu saboda ita. Su ba kwalli ba ne, dutsen zinariya ne ake niƙawa cikin gidaje, ƙurar ta shiga cikin yara. Amma gubar ɗaya ce.

Na zauna na tuna ƴaƴana. Akwai wanda aka kai lakwal ya kasa, muka yi ta ce masa daƙiƙi. Ko kwallina ne, ko ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Amma daren nan ban yi barci ba.

Ungozoma ta ƙara mini da cewa tsinken kwalli ɗaya da ke zagaya gida duka, daga idon uwa zuwa na ɗiya zuwa na baƙuwa, yana raba ciwon ido, har da amodari, wanda ke juya gashin ido ciki ya makanta mutum. Babbar mace in za ta sa kwalli, ta riƙe tsinkenta ita kaɗai, ta wanke hannu bayan ta sa. Mai ciki da mai goyo su haƙura da na dutse. Idon yaro kuwa, abin da yake so shi ne a wanke masa fuska da ruwa mai tsabta safe da yamma, a kore masa ƙuda.

Ranar suna, tsofaffi suka zo ganin jinjiri. Wata ƙawar uwata ta ɗauke shi, ta duba, ta ce, "Wannan wane irin reno ne, ido fari fat kamar ɗan maraya? Ina tandun gidan nan?" Mata suka juyo suna dubana. Auta ma tana dubana daga bakin gado.

Na ce, "Iya, tandun yana nan. Na rataye shi can bisa, kusa da madubi."

Ta ce to in sauko da shi mana.

Na ce, "Igiyar ta ƙulle, sai wani lokaci." Na karɓi jikana, na miƙa mata ƙwaryar fura.